Izinin Kunna Faifan Injin Casa

Kusan kowane ɗayanku da aka turo wurina koyon aiki, ranar farko sai ya ce min ya riga ya iya saka manhaja a kwamfuta. Ba na musa muku. Danna "gaba, gaba, na yarda" ba wani aiki ba ne, jikata ma tana yi a wayar uwarta. Abin da nake so ku sani shi ne, wannan "na yarda" da kuke dannawa ba tare da kun karanta ba, a kwamfutar jami'a ba da sunanku kuke danna ta ba. Da sunan makaranta ne gaba ɗaya. To ku ja kujeru, in ba ku labarin yadda na gane haka, tunda wuta ba ta dawo ba.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. A unguwar Limawa, nan cikin gari, aka haife ni, kuma da na gama sakandare mahaifina ya kai ni Ketaren Gwari wurin Oga Yohanna, wani mutumin kudancin Kaduna mai gyaran rediyo da talabijin da bidiyo na kaset. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, rabinsa cike da gawarwakin talabijin da masu su suka manta da su. Aikina na farko a wurinsa shi ne goge kan bidiyo da auduga da sifirit, a hankali, gefe zuwa gefe, don in ka goge sama da ƙasa ka karya kan. Daga nan ya ba ni ƙarfen narka dalma, sannan mita ta auna wuta. Ya daɗe bai bar ni na buɗe talabijin ni kaɗai ba, saboda wutar da ke kwana a bayan gilashin ko an cire soket. Oga Yohanna yana da wata ɗabi'a da abokan cinikinsa ba sa so: ba ya sayen kayan gyara daga hannun yaran da ke yawo da su a leda. Sai ya ce, "Habu, abin da ban san inda ya fito ba, ba zan sa shi a rediyon mutum ba. Gobe in an zo da ɗan sanda, ni da mai rediyo za a kama." Mutane suna cewa yana da tsada, amma suna dawowa.

A shekarar da aka koma mulkin farar hula ne aka nemi mai taimaka wa masu kula da ɗakin kwamfuta a jami'a, wanda ya san wuta da waya. Oga Yohanna ne ya ji labari a coci, ya ce in je. Da na fara, aikina bai wuce canza fis, gyara abin daidaita wuta, da hure ƙura daga cikin akwatuna ba. Kayan aikina suna cikin wata tsohuwar jakar makaranta: sukudireba ƙanana da manya, mita, burushin fenti mai laushi, abin hura iska na hannu, da faya-fayai a cikin safa don kada su karce. Sauran na koya a kan aiki, daga injiniyoyin da ke sama da ni da kuma daga ɗalibai, waɗanda wasunsu sun fi mu saurin ganewa. Lokacin da aka mayar da sashenmu nan sabon mazaunin jami'a da ke Gidan Kwano, na zama ni ne ke riƙe da makullin babban ɗakin kwamfuta. Kullum da safe ina bin bas ɗin ɗalibai ta hanyar Bida, jakata a kan cinya.

Abokan cinikin wannan aiki iri-iri ne. Akwai ɗalibin da zai rantse maka bai taɓa komai ba, alhali ga ɓawon gyaɗa a tsakanin maɓallai. Akwai sakatariyar da za ta kira ka da gudu saboda firinta ta ƙi aiki, ka je ka tarar ba takarda a ciki. Akwai malamin da yake so a gyara masa jiya. Duk ana zaune lafiya da su in ka iya bakinka.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya shigo ne ta hannun Dakta Ndako, wani malami ɗan Bida da ke koyar da injinan noma. Ya je wani kwas a ƙasar waje ya dawo da faya-fayan bidiyo na zamani, irin na DVD, waɗanda ke nuna cikin injin casar shinkafa yana aiki: yadda shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ke shiga, yadda robobi biyu ke murza ta su ɓare ƙaiƙayi, yadda iska ke raba su. Sashensu ba shi da irin wannan inji a lokacin. Ɗalibai suna zana shi a takarda, suna haddace sunayen sassansa, amma yawancinsu ba su taɓa ganin cikinsa ba.

Ya shigo da faya-fayan a hannu yana murmushi. "Malam Habu, ga abin da zan nuna wa yarana. Ka sa mana a kwamfutocinku kowa ya kalla da kansa."

Na sa faifai a wata kwamfuta mai sabon abin karanta faifai. Ta gan shi, ta nuna sunansa, amma hoto ya ƙi fitowa. Na gwada wata, haka. Dakta ya ce ko faifan ne ya lalace a hanya. Ba shi ba ne. Abin da na gano daga baya, kuma shi ne abin da nake so ku riƙe, shi ne: bidiyon da ke cikin irin wannan faifai a dunƙule yake, sai da wata 'yar manhaja mai warware shi, kuma dabarar warwarewar mallakar wasu kamfanoni ce. Duk mai son sa ta a manhajarsa sai ya biya su. Shi ya sa kwamfuta za ta zo da komai amma ban da wannan. Bayan haka, yawancin faya-fayan da ake sayarwa suna da kulle, kuma an raba duniya shiyya-shiyya, faifan wata shiyya ba ya yarda da na'urar wata.

Ana cikin wannan ne aka kawo sababbin kwamfutoci daga wani ɗan kwangila. Ba zan faɗi sunansa ba, ya daɗe da barin garin. Kwamfutocin sun zo a shirye, cike da manhajoji kala-kala, har da ta kunna faifai mai kyan gani. Aka sa faifan Dakta, hoto ya fito tar. Kowa ya yi murna. Da shugaban sashenmu ya tambayi ɗan kwangilar takardun lasisin manhajojin, sai ya ce suna hanya daga Legas.

Wannan ita ce shekara mafi muni da na taɓa gani a aikin nan. Takardun ba su zo ba, don babu su. Manhajojin duk na fashi ne, an fasa makullansu, kuma wanda ya fasa ya bar tsarabarsa a ciki. Kafin zangon karatu ya yi nisa kwamfutoci suka fara nauyi, suna kashe kansu suna kunna kansu. Duk filas ɗin da aka soka sai ya kwashi bairos ya kai ofisoshi. Abin ya fashe ne daidai lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rubuta furojet ɗinsu na kammala karatu. Ina tuna wata ɗaliba da ta zauna a bakin ƙofar ɗakin kwamfuta da filas a hannu, babi huɗu na aikinta sun koma wasu alamomi da ba mai iya karantawa. Mun ceto na wasu, ta hanyar cire ma'ajiyar kwamfuta mu haɗa ta da wata mai lafiya. Na wasu ya tafi. Ita sai da ta sake rubutawa daga takardun hannunta, ta kammala bayan abokan karatunta.

Bayan wannan kuma sai ga matsalar shiyya. Ɗalibai sun yi ta sa finafinan ƙasashe daban-daban a ɓoye, kowane faifai ya tambaya a canza shiyya, su danna "na yarda". Ba su sani ba na'urar karanta faifai sau 'yan kaɗan take yarda a canza mata, daga nan ta kafe a kan ta ƙarshe har abada. Da muka duba, na'urori da yawa sun kafe a shiyyoyin da ba ruwansu da faifan Dakta.

Aka rufe ɗakin. Shugaban sashe ya tara mu ya ce a goge kowace kwamfuta tas, kuma daga ranar ba abin da zai sake shiga cikinsu sai an ga shaidar izininsa. Ya dube ni ya ce, "Habu, maganar faifai a hannunka take. Ka nemo mana abin da zai kunna shi, wanda in an tambaye mu za mu iya ɗaga kai."

Na fara da kasuwa, don a nan kowa ke farawa. Mai shagon da nake sayen waya da soket a wurinsa ya jawo wani faifai mai hoton manhajoji birjik a bayansa. "Oga Habu, wannan komai yana ciki. Orijinal ne." Na tambaye shi ina lambar lasisin. Ya juya faifan ya nuna min wata lamba da aka buga a takarda, wadda ke kan duk sauran kwafin da ke rataye a shagon. Na ce masa irin wannan ne ya rufe mana ɗaki. Bai ji haushi ba, ya ce shi ma abin da ake kawo masa ke nan, kuma in na samu inda ake sayar da na gaskiya in gaya masa.

Daga nan na tuna cewa wasu na'urorin karanta faifai da muka saya da kanmu a baya sun zo da ɗan faifai a cikin kwali, mai ɗauke da manhajar kunnawa ta halal. Na tono kwalayen a sito, na samu. Na gwada ɗaya, ta yi aiki lafiya lau. Na ce shi ke nan, sai in bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya da wannan faifai. Amma tunda an ce sai da shaida, na ɗauki 'yar takardar da ke cikin kwalin na nufi laburare wurin Madam Rifkatu.

Madam Rifkatu ita ce ke kula da sashen kaset da faya-fayai na laburare. 'Yar Kafanchan ce, ta girme ni, kuma ta shekara da shekaru tana mu'amala da masu buga littattafai, don haka ta san yaren irin waɗannan takardu. Turancin lasisi ba irin wanda muka yi a makaranta ba ne, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi. Ta sa tabarau, ta bi layi-layi da bakin biro.

"Habu, zo ka gani. Nan ya ce manhajar ta na'urar da ta zo tare da ita ce. Na'ura ɗaya, kwamfuta ɗaya."

"Madam, ai faifan namu ne, mu muka saya."

"Robar taku ce. Abin da ke ciki aro aka ba ku, da sharaɗi. Kwali nawa ka samu?"

Na ce kaɗan ne, ba su kai yatsun hannu biyu ba.

"To kwamfutocin da za ka iya sa wa ke nan. Kuma kowace da nata faifan, da na'urar da suka zo tare."

Tun daga ranar na mayar da teburinta makarantata. Duk manhajar da na samo, sai in buga sharuɗɗanta in kai mata mu karanta tare. A nan na koyi cewa kalmar "kyauta" kala-kala ce. Wata kyauta ce ga mai amfani da ita a gidansa, amma makaranta ko ofis sai sun saya. Wata kyauta ce ta ɗan lokaci, daga nan ta kulle kanta. Wata kyauta ce amma tana jawo tallace-tallace da wasu abubuwa da ba ka gayyata ba. Sannan muka samu wata ta daban, wadda masu sa kai a ƙasashe da yawa suka haɗu suka rubuta, kuma lasisinta ya ce ƙarara kowa na iya kwafa, ya raba, ya sa a kwamfuta ko nawa ne, gida ko makaranta. Na gwada ta, tana kunna kusan komai, har da faifan da ke da kulle.

Na yi zaton mun iso. Madam Rifkatu ta ce a dakata. Su masu manhajar sun ba da izinin abin da suka rubuta, amma su da kansu sun yi gargaɗi cewa dabarar warware bidiyo da ta buɗe kulle, dokar kowace ƙasa daban take a kansu, mai amfani ya bincika tasa. Muka kai maganar ofishin lauyan jami'a. Ya karɓe mu da kyau, ya riƙe takardun, ya ce shi ma sai ya yi bincike don ba a taɓa kawo masa irin wannan ba. Da ya kira mu, shawararsa ita ce: a sa manhajar a ko'ina don kunna bidiyon da ba shi da kulle, wannan ba ya ganin matsala a ciki. Amma faifan da mai shi ya kulle, irin na Dakta, kada jami'a ta buɗe shi da wannan hanya, a yi amfani da manhajar da aka biya lasisinta.

Duk wannan ya ci lokaci, kuma Dakta Ndako yana da aji da ke jiran sa. Wata rana ya same ni a ɗakin kwamfuta ina ɗaura na'urori, ransa a ɓace.

"Malam Habu, ni fa ba fim ɗin soyayya na kawo ba. Karatu ne. Yaran nan za su fita su ce su injiniyoyi ne, ba su taɓa ganin cikin injin casa ba. Waɗanda suka yi manhajar nan suna can wata duniya, ba su ma san da Gidan Kwano ba. Wa zai zo ya kama ka?"

Na ce, "Dakta, wataƙila ba wanda zai zo. Amma ka ga abin da ya same mu bana. Kuma in na buɗe ƙofar nan saboda kai, gobe wani zai zo da nasa dalilin, ban da bakin hana shi."

Ya ce, "Na ji. Amma zangon karatu ba ya jiran lauya. Ka faɗa min abin da za a iya yi a wannan makon."

Gaskiyarsa ce, kuma tambayar da ta kamata ke nan. Muka zauna mu uku da Madam Rifkatu. Na ce zan keɓe 'yan kwamfutocin da ke da faifan halal a kusurwa ɗaya, in saita na'urorinsu a shiyyar faifansa, in hana kowa canzawa. Ɗaya daga ciki kuma za a haɗa ta da majigi a haska wa aji gaba ɗaya a bango. Madam ta karɓi kwalin faifan Dakta ta juya bayansa, ta karanta ƙananan rubutun. Sai ta ɗago.

"Dakta, akwai saura. Lasisin manhaja daban, izinin fim ɗin daban. Nan sun rubuta na wanda ya halarci kwas ne, don amfanin kansa. Haska wa aji sai an tambaye su."

Na ɗauka zai fashe. Sai ya yi dariya, ya dafe kai. "Ku biyun nan za ku sa ni furfura. To, na san mutanen, mun ci abinci tare. Zan tambaye su." A ranar ya shiga gari ya aika musu saƙo ta intanet, don namu na makaranta a lokacin sai ya ga dama.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Dakta kuwa ba mai zama ba ne. Ya ce tunda ba a ba shi izinin nuna injin wasu ba tukuna, zai kai yaransa su ga na gida. Akwai wani ɗan uwansa mai injin casa a wani ƙauye kan hanyar Bida. Ya nemo bas, ya aro kyamarar bidiyo daga wani sashe, ya miƙa min. "Kai ne ka yi gyaran bidiyo, kai za ka ɗauka."

Ban taɓa riƙe kyamara don aiki ba sai ranar. Mai injin ya kashe shi, ya kwance murfin, ya nuna robobin da suka cinye ta gefe ɗaya, ya bayyana yadda yake gane bel ya saki daga ƙarar kawai. Ɗalibai suka kewaye shi suna leƙe, ni ina bin hannunsa da kyamara, ƙaiƙayi na shiga min ido. A bayan wurin kuma akwai mata masu turara shanshera a manyan tukwane kafin a kai ta inji. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Nna Hawa. Dakta ya gaishe ta da Nufanci, ya roƙe ta ta yi wa yara bayani. Ta nuna yadda take jiƙa shanshera, yadda take duba ɓawon ya fara tsagewa a tururi, yadda ake shanya ta a baza ana juyawa don kada ta karye a inji. Dakta yana fassarawa yana ƙara nasa bayanin na zafi da danshi. Ɗalibai sun fi yin tambaya a wurinta fiye da wurin injin.

Na dawo da kaset cike, hoto yana rawa a wasu wurare, ƙarar inji ta danne magana a wasu. Na kwashe shi a kwamfuta, na yanke, na jera, Dakta ya zauna kusa da ni ya sake yin bayanin inda ba a ji. Muka buga shi a faifai, ba kulle, ba shiyya. Wannan manhaja ta masu sa kai ta kunna shi a kowace kwamfuta da ke ɗakin, sababbi da tsofaffi. Ranar da aka sake buɗe ɗakin, faifan da ɗalibai suka fara kallo ke nan, kowa a gaban tasa, yana tsayarwa yana mayarwa baya inda yake so.

Daga baya amsar mutanen waje ta iso. Sun yarda a haska faifansu a aji, sun ce kada a kwafa, kuma sun yi godiya da aka tambaya. Aka haska shi ta majigi daga kusurwar nan. Shekara ta gaba jami'a ta sayi lasisin manhajar kunna faifai na wasu ƙarin kwamfutoci a laburare, ta hannun dillalin da ya kawo takardu tun kafin kaya. Tsarin da kuka tarar ke nan: 'yan kaɗan masu lasisin biya don faifai mai kulle, sauran duka da ta kyauta. Na kuma kai wa mai shagon nan na kasuwa manhajar kyautar, na ce wannan ya kwafa ya ba kowa, ba mai kama shi.

Namu faifan kuwa ya fara yawo. Ɗalibai suna neman kwafi, malaman wasu sassa suna aikowa. Dakta ya zo ya tsaya a bakin teburin Madam Rifkatu ya ce, "To, yanzu mu ne masu kaya. Me za mu rubuta a bayan namu?"

Madam ta ce, "Kafin ku rubuta komai, akwai wadda fuskarta ta fi ta kowa fitowa a ciki. An tambaye ta?"

Muka koma ƙauyen ni da Dakta, da kwamfutar tafi-da-gidanka. Mai injin ya ce shi ba ruwansa, a nuna wa duk wanda ake so, talla ce a gare shi. Nna Hawa ta kalli faifan tun daga farko har ƙarshe, matan suna bayanta suna shewa duk lokacin da ɗayarsu ta gifta. Da Dakta ya bayyana mata abin da ya kawo mu, ta juya ta yi magana da Hausa don ni ma in ji.

"Yaran makaranta su kalla, ko na ina ne. Amma kar in je kasuwa in ga ana sayar da fuskata kusa da fim ɗin rawa. Kuma ku sa sunana, da na matan nan duka. Aikinmu ne."

Abin da muka rubuta ke nan, a bayan kwali da kuma farkon bidiyon, da Hausa da Nufanci da Turanci: kowace makaranta na iya kwafa ta nuna, ba a sayarwa, ba a cire sunaye, wanda ke son canza wani abu ya tambaya. Lauya ya duba ya gyara kalma biyu ko uku.

An yi shekaru, har na daina tunanin faifan, sai wani malami daga wata makarantar koyon sana'a ya zo yana tambayar ɗakin kwamfuta. A hannunsa akwai kwafin kwafin faifanmu, an rubuta sunan faifan da alƙalamin maka, hoton ya ɗan dushe. Ya ce yana koyar da matasa da matan Gwari masu noman shinkafa, yawancinsu ba sa jin Nufanci, Hausar ma sama-sama. Yana so ya ɗora murya da Gwaranci a kai. Ya ce ya ga an rubuta a tambaya, shi ya sa ya biyo bas ya zo.

Na kai shi wurin Dakta, Dakta ya kai shi wurin Nna Hawa. Ta yarda, da sharaɗin a kawo mata ta gani in an gama. Ni na haɗa musu muryar, wata ɗalibar malamin ce ta yi maganar Nna. Ranar da muka kai wa Nna Hawa, ta tsufa sosai, ta bar wa 'yarta tukwanen. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, na ɗora kwamfutar a kan turmin da aka kife. Sunanta ya fito da na sauran matan, har da biyu da suka rasu. Sannan ga ta a allo tana ɗaga shanshera a tafin hannu, bakinta na motsi, Gwaranci na fita. Ta matso da fuskarta, ta saurara, ta dubi 'yarta, ta sake duban allon. Sai ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki.

"Ndako," ta ce wa Dakta, "ashe na iya Gwaranci duk shekarun nan, ba wanda ya gaya min!"

Ga wuta ta dawo. Kwalin can na kan tebur yau aka kawo shi, manhaja ce sabuwa ta sashen zane. Kada kowa ya taɓa faifan tukuna. Ku zaro takardar da ke ciki, ɗayanku ya fara karantawa da ƙarfi, inda kuka kasa ganewa mu tsaya.